Kangayen Sawakin da Sawun Mahajjatan Ƙasar Hausa

Duk Bahaushen Sudan da ka tambaya me ya kawo kakanninsa ƙasar nan, da wuya amsarsa ta wuce kalma biyu: hanyar Makka. Mu a Gadarif haka muka taso muna ji. Tsofaffinmu ba sa cewa sun zo Sudan, cewa suke yi sun biyo ta Sudan, ko da kuwa mutum ya shekara sittin a gida ɗaya, ya aurar da jikoki, ya kai sa'o'insa duka maƙabartar garin. In suna ba da labarin hanyar kuwa, sunan gari ɗaya ne ke zuwa kafin a ambaci Jidda, shi ne Sawakin. Can ƙasa take ƙarewa, ruwa ya fara.

Ga mai karatu ko mai sauraro da ke Kano ko Maraɗi, bari in ɗan shimfiɗa masa wurin. Gadarif tana gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, ƙasar baƙin laka ce mai ba da dawa da riɗi. Daga nan in ka ɗauki kwalta ka yi arewa maso gabas, za ka wuce Kasala da manyan duwatsunta masu sulɓi, ka bi ta Haya, ka hau tsaunukan Sinkat, sannan ka biyo wata doguwar gangara mai kwana-kwana har iskar teku ta buge ka. Tafiyar ta haura kilomita 700. Sawakin na bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan, Jidda kuma tana tsallaken ruwa.

A farkon 2020 na je, ni da abokaina biyu malaman makaranta. Muka sami ja-gora, wani dattijo ɗan ƙabilar Beja, mutanen da suka riga kowa zama a wannan gaɓar teku. Dogo ne, siriri, da farar jallabiya da 'yar shara baƙa a kai, yana riƙe da sanda wadda ba don dogarawa yake riƙe ta ba, don nuni ne. Ya daɗe yana zagayawa da baƙi, har ya san inda zai tsaya ya yi shiru don mutum ya ɗauki hoto.

Bai fara da tsibirin ba. A kan tudu ya fara, a ɓangaren garin da ake kira Gef, gaban wata ƙofa ta dutse. Ƙofar Kicina ke nan, Baturen Ingila da ya yi gwamnan Sawakin daga 1886 zuwa 1888, wanda bayan shekara goma ya jagoranci rundunar da ta murƙushe daular Mahadi a Karari. An gina ƙofar a 1886, haɗe da ganuwa da ƙananan hasumiyoyin tsaro, duk saboda mutum ɗaya, Usman Digna. Da ja-gora ya zo kan wannan suna sai muryarsa ta sake. Digna ɗan garin ne, daga gidan fatake, kuma littattafan tarihi ba su ɓoye cewa har da bayi a cikin hajarsa ba, sai dai dattijon bai tsaya a nan ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne yadda Digna ya yi mubaya'a ga Mahadi a 1883, ya tara Hadandawa, suka tarwatsa rundunar Masar a Teb a watan Fabrairun 1884, sannan a Tamai, wata ɗaya bayan haka, mayaƙa masu takubba da masu suka fasa sahun sojan Ingila, abin da Turawa suka daɗe suna mamakinsa, ko da yake a ƙarshen ranar su suka yi rinjaye. Sai da aka kawo sojoji daga Indiya, har da Ostareliya a 1885. Shi kansa Kicina harsashi ya same shi a muƙamuƙi a Handub a 1888. Duk da haka Sawakin ba ta taɓa faɗawa hannun Ansaru ba. An kama Digna a 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926. Na lura ƙofar tana ɗauke da sunan Bature, amma tashar jiragen ruwa ta yau, wadda aka buɗe a 1991, sunan Usman Digna aka sa mata.

Daga nan muka leƙa kangon wakalar Shinnawi, masaukin fatake da wani attajiri ya gina a 1881, inda ayarin raƙuma daga Barbar da Kasala ke sauke ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da fatu, su ɗauki tufafi da kayan ƙamshi da sukari. Ja-gora ya ce ɗakunanta sun kai yawan kwanakin shekara. Irin maganar nan ce da kowane tsohon gari yake da ita, muka karɓa muka wuce.

Tsibirin kansa ɗan ƙarami ne, kewayayye kamar faifai, yana zaune a tsakiyar wani lungun ruwa da teku ya shigo da shi cikin ƙasa ta wata siririyar hanya. Mutum zai zagaye shi a ƙafa cikin ƙasa da awa ɗaya. A da sai da kwalekwale ake shiga, har zamanin da Godon yake gwamnan Sudan a ƙarshen shekarun 1870 aka cike ruwan aka yi hanya, shi ya sa ƙofar da ke bakin tsibirin take amsa sunansa. A kan hanyar nan ja-gora ya ba mu labarin sunan garin. Wai wani sarkin Habasha ne ya aika 'yan mata bakwai kyauta ga wani sarki, suka kwana a tsibirin, da suka isa sai aka tarar duk suna da juna biyu, masu rakiya suka ce aikin aljanu ne, sawa jinn, daga nan sunan ya fito. Wasu kuma suka ce a nan Annabi Sulaimana yake ɗaure aljanun da suka yi masa tawaye. Ya gama, ya yi murmushi, ya ce amma su Beja Usuk suke kiran garin, wato kasuwa. Na ce masa Gadarif ma tsohon sunanta Suk Abu Sin, ashe duk 'yan kasuwa ne mu.

Tsufan garin ba tatsuniya ba ne. Ibn Batuta ya sauka a nan wajen 1330, ya tarar mai mulkin tsibirin ɗan Sharifin Makka ne, kawunnansa kuma Beja. Shi ne dai matafiyin da bayan shekara ashirin da 'yan kai ya isa Takadda a ƙasar Azbin, ya ambaci Gobir a cikin wuraren da ake kai tagulla. A wancan zamani Aizab, can arewa, ita ce babbar mashigar alhazai, da ta mutu a ƙarni na 15 sai Sawakin ta gaje ta. Turkawa suka karɓe ta bayan sun ci Masar a 1517, wato Daular Usmaniyya ta Istanbul, kada ɗan Sakkwato ya ɗauka tasu ake nufi. Jiragen yaƙin Fotugal sun yada zango a nan a 1541, ɗaya daga cikin hafsoshinsu ya rubuta yabon tashar har yana kwatanta ta da Lisbon. A 1865 Sarkin Musulmi na Istanbul ya miƙa garin ga Isma'il mai mulkin Masar, bayan shekara huɗu aka buɗe mashigin Suwez, Bahar Maliya ta zama babbar hanyar jiragen duniya. Yawancin manyan gine-ginen da ake nuna wa baƙo yau na wannan lokaci ne.

In na ce gine-gine, kada mai karatu ya zaci tsaye suke. Tsibirin Sawakin tsibin fararen duwatsu ne, nan bango ɗaya ya rage, can rabin baka, can matakala da ta hau sama ba ta isa ko'ina ba. Da dutsen teku aka yi su, wanda wasu ƙananan halittun ruwa ke ginawa, dangin murjanin da matanmu ke ratayawa, sai dai wannan fari ne mai ramuka kamar saƙar zuma. Ana saro shi, a daidaita, a jera da katako a tsakani, a shafe da farar ƙasa. Gidaje har hawa uku, irin na tsohuwar Jidda da Masawa, da tagogin katako masu fitowa waje waɗanda ake kira roshan, an yi musu sassaƙa mai ƙananan ƙofofi, iska ta shigo, matan gida su ga titi ba a gan su ba. Katakon ma daga Indiya da Jawa ake kawo shi.

Ja-gora yana tafe yana nuni da sanda, yana kiran sunayen masu gida kamar jiya suka fita. Nan gidan Khurshid Afandi mai babban zauren baƙi. Nan Muhafaza, fadar gwamna, a bakin ruwa. Nan ofishin kwastan, da siffar zakuna biyu a saman ƙofarsa. Nan bankin Masar, can gidan waya na kamfanin Ingila. Wannan layin na Hadramawa ne 'yan Yaman, wancan na fataken Jidda, ga shagunan Indiyawa masu tufafi, ga na Girkawa. Masallatai biyu ne a tsibirin, na Hanafiyya, mazhabar Turkawa masu mulki, da na Shafi'iyya, mazhabar fataken da suka tsallako daga Hijaz da Hadramaut. Abokina ya raɗa mini cewa mu Malikawa sai dai mu bi sahu a duk wanda muka samu.

Abin da ya kashe garin ba yaƙi ba ne. Bayan Turawa sun gama cin Sudan a 1898 sai suka ga hanyar shiga Sawakin ta yi wa manyan jirage masu tururi ƙunci, dutsen teku yana ƙara tsuke ta, ruwan sha kuma ba shi da yawa. Suka zaɓi wani lungun ruwa a arewa da ake kira Marsa Shaikh Bargut, suka fara gini a 1905, layin dogo daga Atbara ya iso, aka buɗe sabuwar tasha a 1909 da sunan Bur Sudan. Gari ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali, da unguwar Turawa daban, ta fatake daban, ta 'yan ƙasa masu dako can gefe, tsarin da duk wanda ya san Nasarawa da Sabon Gari a Kano zai gane. Fatake suka yi ta jan ƙafa, amma kaya sun koma can, dole suka bi. Zuwa shekarun 1920 Sawakin ta zama gidan jiya.

Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san sauran labarin. In ba a yi yaɓe kafin damina ba, bango ya fara zaizaya, in azara ta ruɓe, soro ya zauna. Dutsen teku ma haka yake, yana son shafe a kai a kai, ga gishiri ga laima. Masu gida sun tafi, magada sun yi yawa, gida ɗaya na mutum hamsin, ba mai gyarawa, ba mai yarda a sayar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da ba don wani malamin zane da ya koyar a Khartum ba, Jean-Pierre Greenlaw, wanda ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, aka buga littafinsa a 1976, da yau ba wanda zai iya faɗin yadda yawancinsu suke. Ja-goranmu ma da kofen wasu zane-zanen nasa yake yawo a cikin leda, ya ɗaga takarda a gaban tsibin duwatsu ya ce, ga abin da kuke kallo.

Muna zaune a inuwar masallacin Shafi'iyya, bayan ya lissafa Turkawa da Misirawa da Hadramawa da Indiyawa da Girkawa da Ingilishi, na ce masa, "Ya ammi," wato baffa, "to Takari fa, ina suke sauka?"

Ya dube ni da kyau, ya ce, "Ya ustaz, kai daga cikinsu kake?"

Na ce daga Gadarif nake, amma kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso. Ya miƙe, muka fito bakin ruwa, ya nuna tudu da sandarsa, wajen bayan gari, fili ne fetal sai ƙaya da ledoji da awaki. Ya ce can suke kafa bukkokinsu na tabarma da buhu, su zauna wata da watanni, wasu shekaru, suna jiran jirgi ko suna neman cikon kuɗinsa. Ya juya ya nuna wani gefen ruwan ya ce wajen can karantina take, inda ake killace alhazai a yi musu lamba da allura. Ya ce ba a saba tambayarsa wannan ba, shi ya sa ba ya cikin zagayen.

Ban ga laifinsa ba. Ja-gora abin da ido zai gani yake nunawa, bukkar tabarma kuwa ba ta barin kango. Amma in ana maganar waɗanda suka ratsa Sawakin, mutanenmu suna cikin mafiya yawa da mafiya daɗewa. Takari jam'in Takruri ne, daga Takrur, tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal, Larabawa suka mai da shi sunan duk baƙin mutum Musulmi da ya fito daga yamma zai je hajji. A Sudan an fi cewa Fallata, a haɗa Bafulatani da Bahaushe da Babarbare a kwando ɗaya. Wani matafiyi ɗan Suwizalan, Burckhardt, wanda ya yi shigar Musulmi ya biyo ayari daga Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya tarar da su a hanya, mutanen Darfur da Bagirmi da Barno, a ƙafa, ba guzuri sai ƙwarya da sanda, da yawansu masu karatu ne, suna rubuta laya suna yin ƙodago don su ci. Shehu Usmanu yana da rai a lokacin. A jiharmu ta Gadarif ma, garin Gallabat na bakin iyakar Habasha irin waɗannan mahajjata ne suka raya shi, har suka yi sarautarsu a can tun kafin Mahadi.

Babbar ambaliyar ta zo ne bayan 1903. Sakkwato ta faɗi a hannun sojan Lugga a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas, jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, Turawa suka tare su a Burmi a watan Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira, suka ci gaba har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da ke amsa sunansa har gobe. Tun daga nan hanya ba ta sake yin shiru ba. Daga Kano a bi Maiduguri, a tsallaka Fort Lami wadda yau ake kira Njamena, a bi Abeshe da Adare, a shiga Sudan ta Jinena, a ratsa Darfur zuwa Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Mai hali ya yi ta cikin watanni. Talaka kuwa sai ya yi noma a nan, ya yi dako a can, ya haifi ɗa a Wadai ya yaye shi a Kurdufan.

Turawan mulkin Sudan sun ga amfanin wannan jama'a. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suna neman hannu, haka na Gash da Tokar. Zuwa 1929 layin dogo ya haɗe Kasala da Gadarif da Sinnar, sannan a tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji a yankinmu. Inji yana huɗa yana shuka, amma riɗi in ya nuna sai an yanke shi da hannu cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ya fashe ya zube. Mahajjaci mai neman kuɗin jirgi shi ne ma'aikacin da ake so, ba ya shan giya, ba ya yawan ƙorafi, kuma yana ganin gobe zai wuce. Haka ƙauyukan Hausawa suka jeru a bakin kogin Rahad da Dindir da Atbara.

Kakana yana yaro aka taso da shi a shekarun 1930. Ya ba mu labari cewa sau biyu mahaifinsa yana isa Sawakin yana komowa. Ciniki ya koma Bur Sudan, amma gwamnati ta bar harkar alhazai a Sawakin, kuma kafin a ba mutum izinin hawa jirgi sai ya nuna takardar tafiya, ya biya kuɗin karantina da na zuwa da dawowa. Kowane zuwa sai su tarar kuɗin ya ɗara abin da ke cikin lalitarsu, sai a ce to, a koma Gadarif a ƙara damina ɗaya. Waɗanda haƙurinsu ya ƙare sukan bi masu sambuk, jiragen katako masu filafilai, su tashi da dare daga wani lungu da ba idon hukuma, a sauke su a gaɓar da ke kudu da Jidda su ƙarasa a ƙafa. Wasu sun isa. Wasu ƙishirwa ta kashe su, wasu ruwa ya ci. Akwai kuma abin da tsofaffi ba sa son faɗa sai murya ƙasa-ƙasa, wato yaran da aka tsallaka da su da sunan hajji aka sayar da su a can, don Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai a 1962. Sawakin da ma tsohuwar mafitar bayi ce, wannan ma ja-gora a gurguje ya ambata shi. Mahaifin kakana a Gadarif ya rasu bai tsallaka ba, Allah Ya ba shi ladan niyyarsa. Kakana ne ya sauke faralin a shekarun 1950, ya kuma dawo Gadarif, don a nan 'ya'yansa da gonarsa suke. A daidai lokacin jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano kai tsaye, hanyar ƙasa ta fara mutuwa, waɗanda ke tsakiyarta suka zauna inda suke. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da irinmu a ƙauyukan Jazira, ya tarar jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a Sudan har yanzu suna kiran kansu masu hanya, ya sa wa littafinsa na 1995 suna Permanent Pilgrims, wato mahajjatan dindindin.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa don ja-gora bai nuna filin bukkoki ba? A Sudan tambayar wa ya riga wa zuwa ba hirar shayi ba ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. A duba wannan rana, a duba ranar Burmi. Da layi ɗaya aka bar jama'ar Mai Wurno da duk wanda ya biyo bayansu a waje. Daga baya an sassauta, aka matso da ranar har zuwa 1956, shekarar samun mulkin kai, amma abin da takarda ta gyara bai gama gyaruwa a bakin mutane ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi da kuma batun mallakar ƙasa, aka kashe sama da mutum ɗari, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Khartum. Kalmar da aka yi ta jifan mu da ita a lokacin ita ce baƙi. Bagirken da ya yi shekara talatin a Sawakin ya kwashe ribarsa ya tafi yana da bango da ake nunawa da sanda. Mu da muka share gonakin da ke ciyar da ƙasar, sai mun kawo shaida.

An yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage na tsibirin. Tun 1994 yake cikin jerin wuraren da Sudan ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya, TIKA, ta gyara masallatan biyu da ginin kwastan, kuma aikin ya yi kyau, mun yi azahar a ɗayansu. Da shugaban Turkiyya Erdogan ya zo a Disambar 2017, aka sanar cewa an ba ƙasarsa tsibirin ta farfaɗo da shi, jaridun Masar da na Saudiyya suka yi ca, suna zargin sansanin soja ake shirin kafawa. Gwamnatin Bashir ta faɗi a Afrilun 2019, maganar ta lafa, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa kowa ya koma ta kansa. A ganina Turkawa tarihinsu suka zo gyarawa, kuma ba wanda zai hana su. Namu ba ya buƙatar injiniya daga Istanbul. Allo ɗaya a bakin wancan fili, da Larabci da Hausa da Fulatanci da Barbarci, mai cewa nan mahajjatan yamma suke sauka, da muryoyin tsofaffin da suka rage a naɗe kafin su tafi, ya isa a fara. Attajiran Hausawan Gadarif da ke cika manyan motoci da riɗi zuwa Bur Sudan kowace kaka ba za su rasa kuɗin allo ba.

Sawakin ta tudu kuwa ba ta mutu ba. Jiragen fasinja suna tashi daga tashar Usman Digna su kwana ɗaya a ruwa su wayi gari a Jidda, ɗauke da masu umara da 'yan ƙodago, wasu jiragen kuma tumaki suke kaiwa kasuwannin Saudiyya. A Yunin 2022 ɗaya ya nutse a bakin tashar da tumaki sama da 15,000. A kasuwar akwai Beja masu dafa jabana, gahawarsu mai citta, akwai Rashaida da matansu masu adon azurfa, waɗanda su ma a ƙarni na 19 suka tsallako daga Hijaz.

Da la'asar, bayan mun sallami ja-gora, ƙamshi ya ja mu wajen wani mai tukuba a gefen tashar mota. Agashe yake sayarwa, naman da ake barbaɗa wa ƙuli da yaji, wanda duk Sudan ke ci yau, daga Khartum har Bur Sudan, mafi yawansu ba su san sunan daga bakinmu ya fito ba. A gefensa wata mata tana dama godogodo a ƙwarya. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa ba tare da ya ɗago ba, sai da ya juya tsinken da ke hannunsa sannan ya dube ni ya ce, "Malam, daga ina?" Na ce Gadarif. Ya ce shi a nan aka haife shi, a nan aka haifi babansa, kakansa ne ya zo daga wajen Katsina. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga tsibirin. Ya ce sau ɗaya, yana yaro, sun je kamun kifi. Na ce Jidda fa? Ya kalli wajen tashar, inda jirgin yamma ke ɗaukar kaya, ya ce yana tarawa, in Allah Ya yarda baɗi. Ya ƙara mana tsinke biyu, ya ƙi karɓar kuɗinsu.